Hatsin Ummi

Da bakina na tsayar wa wata yarinya 'yar shekara biyu da rabi hatsinta. Ba da mugunta ba. Albishir na yi. Na fi shekara talatin ina rainon 'ya'yan mutane tsakanin Sabon Gari da Samaru, kuma wannan ne kuskuren da ya fi girma a hannuna. Zan ba ku labarinsa, ku 'yan matan da kuke leƙo tsakar gidana kuna cewa, "Inna, ai wannan ba aiki ba ne, zama ne." Amma sai kun fara jin aikin.

Goyona na farko a Jushi ne, kuma ba yaro ba ne. Mijina ya rasu, ba ɗa, ba jari. Wata mata ta ɗauke ni, Mama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, mai riƙe 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa da na mata 'yan kasuwa. Ranar farko ta ɗauko wata ƙatuwar kabewa ta ɗaura mini a baya. Ta ce in yi shara, in ɗebo ruwa, in sunkuya in hura wuta. Kafin azahar kabewar ta suɓuce sau biyu. Mama Rifkatu ta dube ta a ƙasa, ta dube ni.

"Kin kashe biyu," ta ce. "Gobe ki dawo."

Mako guda na yi da kabewar nan kafin ta yarda ta ba ni ɗan mutum.

A wurinta na san zane. Sabuwar atamfa ba ta goyo, tana santsi, tana cin wuyan yaro. Wadda ta sha wanki har ta yi laushi kamar kunnen akuya, ita ake so. Ɗaurin ƙasa shi ke riƙe yaro, na ƙirji kai kawai yake tsarewa. Majanyi a kan ƙugu, ba a kan ciki ba. Sauran kayan aiki ba su da yawa. Tabarma, ledar shimfiɗa, fo, mafici, kurfotin gawayi, tukunyar kunu, man kaɗanya. Ban iya karatu ba, don haka sunan da iyaye ke rubutawa a jikin kwano bai amfane ni da komai. Kowane yaro da launin kofinsa. In launi ya ƙare, sai in ɗaura zare a mariƙi.

Dokar Mama Rifkatu biyu ce. Abincin wani ba ya shiga bakin wani, ko mai shi ya ƙoshi. Sannan abin da kika ji daga bakin wannan uwa, kada ki kai shi kunnen kowa, ko daɗi ne ko ɗaci. Na ce mata, ɗaci na gane, daɗi fa? Ta juya ga tukunyarta. Kunu take damawa.

Babban kayan aikin baya ne. Wannan ba a sayensa a kasuwar Sabon Gari. Bayana na jin zazzaɓi tun yana kan hanya. Yana jin yaron da ya kwana da yunwa, da wanda aka yi faɗa a gabansa jiya. In yaro ya ragu, ko da nauyin ƙwai ɗaya ne, zane yakan sami rara wajen ɗauri. Uwa ba ta lura, don kullum tana ganinsa. Ni bayana ke gani.

Akwai wani lokaci bayan azahar da duk suke barci. A jere a kan tabarma, ƙarƙashin mangwaro. Numfashinsu ya bi juna, har ya koma kamar na mutum ɗaya. Balbelu su wuce ta sama, can wajen ruwan Bomo. Ni kuma ina fifita, ido a buɗe, sai in ga kamar tabarmar ta tashi tana tafiya da mu a kan ruwa, a hankali, ba mai tuƙi. A irin lokacin ne waɗanda na goya tun da daɗewa suke dawo mini. Ba da fuska ba, ban riƙe fuskoki ba. Nauyi na riƙe. Sai in ji wani ya zauna mini a kafaɗar hagu, in ce wannan ɗan matar direban jirgi ne, mai kwantar da kai gefe guda. Yanzu wataƙila yana da furfura. Ba barci nake yi ba. Mai raino ba ta barci. In ɗaya ya yi tari, tabarmar ta dawo ƙasa.

Da Mama Rifkatu ta tsufa ta koma garinsu, sai na komo Bomo, kusa da jami'a. Masu kawo mini yara suka zama ɗalibai. Sukan zo da sassafe, jaka a kafaɗa ɗaya, yaro a ɗaya, suna magana rabi Hausa rabi Turanci, ido na kan agogon waya. Masu miji a gari ba su da wuya. Waɗanda nake dubawa sau biyu su ne masu riƙe yaro su kaɗai, wadda aka saka da wadda miji ya mutu ya bari. Ana gane su a kwanon yaro. Farkon wata da kifi, ƙarshen wata manja da gishiri.

Shekarar dogon yajin aikin malaman jami'a, Samaru ta zama kufai. Ɗalibai suka watse. Na wanke zannuwa na ninke, na jera kofuna a kwando. Na koma ɓarar gyaɗa a gidajen manoma ana ba ni abin da aka ba ni. Bayana ya yi ta ciwo wata da watanni, ba don nauyi ba, don rashinsa. Da na ɗauka ita ce muguwar shekarata. Ashe wadda ta biyo ta ce.

Da aka koma makaranta Saratu ta zo mini. Doguwa, marar yawan magana. Mijinta ya yi jinyar kwana uku ya tafi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ummi. Karatun noma take yi, na sanin ƙasa da taki. Da yamma tana koyar da yara a wata ƙaramar makaranta, da shi take biyan ɗaki da raino. Abinci kuwa daga ƙauyen Zabi yake zuwa, gidan surukinta Malam Tanimu. Gonar marigayin na hannunsu. Duk wata ƙanen mijin, Sale, yakan ɗauro masara da dawa da ɗan wake a babur, har da kuka da daddawa, ya kai mata ɗaki. Da wannan uwa da 'ya suke rayuwa. Ummi kore ne kofinta.

Farkon damina Saratu ta shigo da rana tsaka, ba lokacinta ba. Ta miƙo mini waya.

"Inna, duba. Sunana ne."

"In duba da me? Faɗa mini."

Wata gidauniya ce ta zaɓe ta, za a biya mata karatu. Na rangaɗa guɗa har yara biyu suka farka. Ta ce akwai sharaɗi, ba a haɗa shi da wani aiki, dole ta bar koyarwar yamma. Ta ce kuɗin rainon zai ɗan yi jinkiri. Na ce ban tambaye ki ba. Ta ƙara wasu bayanai. Ban saurara ba, ina murna.

Bayan kwana uku Sale ya tsayar da babur a ƙofata, kaya a baya.

"Goggo, ina matar yayana? Ɗakinta a kulle."

"Tana aji. Sauke a nan. Amma tsaya tukuna. Albishirinka."

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal, Goggo. In dai ba miji kika samu ba."

"Uwarka ce ta samu. An ɗauki nauyin karatun Saratu. Duka, har ta gama."

"Duka?"

"Duka."

Wannan "duka" ɗin nawa ne. Ba wanda ya ba ni shi. Sale ya laluba aljihu ya ba ni goro fari babba, ya ɗaga Ummi sama ya sauke, ya tafi. Na ci goron da daɗi.

Wata ya mutu, wani ya kama, babur bai zo ba.

Saratu ta jira mako biyu, sannan ta je Zabi. Ta dawo da yamma ta zauna a bakin tabarmata ba ta cire takalmi ba.

"Inna, wa ya gaya musu?"

"Ni."

Ta ɗauki kofin Ummi tana juya shi.

"Da so na yi in je da kaina, da takardar. In nuna musu abin da ke ciki da abin da babu."

A ranar na saurari abin da ban saurara ba da farko. Kuɗin makarantar kai tsaye ake aika wa jami'a, hannunta ba ya taɓa shi. Ɗan abin sayen littattafai kuma sai zango ya yi nisa yake fitowa. Ba abinci a ciki, ba haya, ba yaro. Ita aka ɗauka, ɗaliba. Uwa ba a san da ita ba. Ta bar aikin yamma saboda takardar. Hatsi ya tsaya saboda takardar. Har matan unguwa masu raba wa waɗanda mazansu suka mutu shinkafa sun cire sunanta, sun ce ta samu, a bar wa wata. Labarin ya yi gudu, kuɗin yana tafiyar ƙasa. Wadda aka yi wa guɗa ta koma ba ta da abin da take da shi kafin guɗar.

Ku da kuke cewa zama ne, ku ji. A tsakar gidana akwai kwanoni shida. Biyar cike, ɗaya da ɗan garin kwaki. Yarinya tana kallon na maƙwabcinta. Ban ɗiba ba. Na dama mata kunu daga gasarata, wadda ba ta da yawa. Da rana tana hannuna, amma dare da Asabar da Lahadi ba nawa ba ne. Sai gudawa ta kama ta kwana huɗu. Da ta warke na goya ta, zane ya zagayo ya bar rarar da ta kai taƙi guda. Saratu ma wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Sai saƙo ya zo daga Zabi. Malam Tanimu ya ce in riƙon yarinya ya gagara, ga gidan ubanta. Ranar Lahadi Sale zai zo ya ɗauke ta.

Ran Juma'a da yamma Saratu ta ce mini ta yanke shawara. Ba za ta rabu da Ummi ba. Za ta rubuta wa gidauniyar ta mayar musu da abinsu, ta ajiye karatun, ta bi 'yarta Zabi.

"Shekara nawa ta rage miki?"

"Biyu."

"Ba ni takardar. Gobe ki kawo mini yarinyar da safe. Ke ki je ki yi karatunki."

"Inna, Baba ba ya janye magana."

"Ni ma ban ce ya janye ba. Tawa zan je in janye."

Asabar ba ni da yara. Na goya Ummi, na sayi goro fari ɗaya a bakin kasuwar Samaru, na hau mota zuwa Sabon Gari, daga nan na hau keke mai ƙafa uku. An yi ruwa da asuba. Masara ta kai kafaɗa dama da hagu, kore har inda ido ya tsaya, tana kaɗawa kamar ana busa mata wani abu da ba na ji. Yarinyar ta yi barci. Ba ta da nauyin da zai tuna mini tana nan. Sau biyu na kai hannu baya ina taɓawa.

Na sami Malam Tanimu a ƙofar gida, a kan buzu, yana sa wa fartanya ƙota. Tsoho ne busasshe, mai manyan hannuwa. Sale na gefe yana wanke babur. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa.

"Ke ce mai albishir," ya ce.

"Ni ce, Malam. Na zo in dawo da goron."

Na ajiye shi a gefen buzun. Sale ya daina wanki.

"Ba a taɓa dawo mini da goro ba."

"Ba a taɓa yi maka albishir ɗin ƙarya ba. Na ce duka, ba duka ba ne. Ni na ƙara."

Ya ci gaba da buga ƙotarsa.

"Baiwar Allah, damina ce. Rumbu ya yi ƙasa. Gidan nan bakuna ne da yawa, wasu ba wanda ya san da su sai ni. Wadda manya suka ɗauke wa nauyi, me za ta yi da ɗan abin talaka? Noma ma wai sai an je an karanta. To ta karanta. Ban hana ba."

Na miƙa wa Sale takardar, na ce ya karanta wa mahaifinsa, ya nuna masa inda aka rubuta Ummi. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, yana motsa baki. Ya juya bayanta.

"Babu, Baba. Kuɗin makaranta ne da littafi. Kuma an hana ta aiki."

"Takarda ba ta dame ni ba," in ji tsohon. "Kowa na iya rubutawa."

Nan na san takardar ta gama nata. Na kwance majanyi, na sauko da Ummi, na miƙa masa.

"To karɓi amaryarka. Tun ɗazu tana jira ka kula ta."

Wasan kaka da jika ba ya ƙin karɓa. Ya ajiye fartanya.

"Amarya, fushi kike yi da ni? Ko kin sami wani a Samaru mai biro a aljihu?"

Ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga. Sai ya tsaya. Ya sauke ta kaɗan, ya sake ɗagawa, yadda manomi ke yi wa dami in yana zargin an zare masa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar hatsi ba ya bukatar sikeli. Hannunsa ya gaya masa abin da bayana ya gaya mini. Ya zaunar da ita a cinyarsa, ya zagaye damtsenta da yatsa biyu.

"Da aka kawo ta gaisuwa, ta fi haka nauyi."

"Ta fi."

"To ai shi ya sa na ce a kawo ta gida."

"Malam, aikina ke nan. Na goyi yaran da aka raba da uwa a irin wannan shekaru. Suna cin tuwo, ba ya zama a jikinsu. Kuma in ka ɗauke ta gobe, jibi uwar na ƙofarka da akwatinta, ta ajiye karatu. Ka ciyar da biyu a nan maimakon can. Shekarun da ta yi kuma sun bi ruwa. Kai manomi ne. Ka taɓa nome gona sau biyu ka bar ta ana saura kaɗan ta nuna?"

Ummi ta kama gemunsa tana ja. Ya bar ta. Wata kaza ta zo ta leƙa goron, Sale ya kore ta.

"A gaban mutane na ce ba zan ƙara aika wa Saratu hatsi ba," in ji Malam Tanimu. "Ba na janye magana."

Na yi shiru. Wannan karon na iya.

"Sale. Daga yau gidan wannan matar za ka riƙa kai wa amaryata abincinta. A hannunta za ka danƙa."

"Yadda aka saba, Baba? Ai Ummi ba za ta iya cinye wannan ba."

"Na tambaye ka?"

Ya ɗauki goron, ya fasa, ya miƙo mini rabi. A babur ɗin Sale muka koma, ni da yarinyar da hatsin.

Daga ranar na karya dokar Mama Rifkatu ta farko, da sanina. Kullum da yamma nakan tuƙa tuwo daga hatsin Ummi, in zuba kwano biyu. In Saratu ta zo ɗaukar 'yarta, sai in tura mata ɗaya. Ranar farko ta ce, "Inna, ai na yarinya ne." Na ce yarinyar ta ƙoshi, ta ce a ba ki. Launuka sun ƙare a lokacin, sai na ɗaura wa kwanonta zare. Shekara biyu tana ci a kwano mai zare, littafi a buɗe a cinya. Kafin kaka zane ya daina barin rara. Sale bai taɓa tambaya ba. Duk zuwa yakan ce Baba na gaida amarya, ya ce a tambaya ko abincin na isar ta.

Saratu ta gama. Tana aiki a can wajen Kaduna, tana gaya wa manoma irin takin da ƙasarsu ke so. An ce har Malam Tanimu, kafin ya rasu, ya aika mata da ƙasar gonarsa a leda ta duba masa. Ummi ta fi ni tsawo. In ta zo hutu takan ce in goya ta. Nakan ce ta kawo kabewa.

Har yanzu ɗalibai na shigo mini da waya a hannu, suna haki, "Inna, albishirinki." Ba na cewa goro. Cewa nake, zauna. Karanta mini takardar duka, har ƙananan layukan ƙasa. Me aka ba ki, me aka hana ki, yaushe zai zo, wa ke ciyar da ke yanzu, me zai yi in ya ji. Sannan ki tashi ki je ki gaya masa da bakinki, kafin wata irina ta riga ki.

Ina nan Bomo, gida mai mangwaro. Gwiwa ta hana ni fiye da yara uku. Kofi ja, kofi shuɗi, kofi mai zare. Koren yana rataye a ƙusa, ban sake ba kowa shi ba.